Masu hawa bishiya, igiyar guga ba ta riƙe rai fa

Salam jama'a. Ni ma'aikacin gandun daji ne a nan Gombe, kuma tunda damina ta ƙarato kowa na neman wanda zai datse masa rassan darbejiya kada iska ta kwantar da su kan kwano, na ce bari in yi magana kan igiya, don wallahi abin da nake gani yana tayar min da hankali.

Shekaranjiya ina wucewa ta Tudun Wada na hangi wani matashi can saman darbejiya, adda a hannu, ya ɗaura shuɗiyar igiyar nan ta guga a ƙugu, kuma abin mamaki reshen da yake sara shi ne wanda ya ɗaure kansa a jiki. Sai da na kashe mashin na kira shi. Ya ce oga shekara nawa ina wannan aiki ban taɓa faɗowa ba. Na ce to jefo min igiyar. Ina murza ta sai ga gari tana zubarwa kamar alli, rana ta riga ta cinye ta. Irin wannan igiyar roba ba ta jure rana, kuma in ta gogi itace da ƙarfi zafin gugar kaɗai narkar da ita yake yi.

A Ingila tun 2005 suna da dokar aiki a waje mai tsayi, kuma masu aikin bishiya a can ba sa fara yanka sai sun ɗaure kansu a wuri biyu. Akwai doguwar igiya da ake rataye ta a wani lafiyayyen reshe can sama da kai, sannan akwai gajera wadda ke zagaye jikin bishiyar ta dawo ta maƙale a zobba biyu na gefen bel ɗinsu. Gajerar nan ita ce ke ba ka damar jingina baya ka yi aiki da hannu biyu. Ƙugiyarta tana kulle kanta, sai ka yi motsi uku kafin ta buɗe, don kada reshe ya goge ta ta buɗe ba ka sani ba, kuma za ka ga an rubuta 22 ko sama da haka a jikinta, wato tana ɗaukar nauyi fiye da tan biyu. Kar ka ce ai ni kilo 60 ne me zan yi da tan biyu, in ka zame igiya ta fizge ka, nauyin da ke sauka a kanta ya ninka naka sau da yawa, ga shi kuma ƙulli ma na rage mata ƙarfi.

Amma ni inda na fi jin tsoro shi ne lokacin tsallake reshe. Kana hawa ka iske reshe ya tare hanya, dole ka kwance igiya ka mayar da ita samansa, to a wannan ɗan lokacin ba abin da ke riƙe da kai sai hannu ɗaya da gumi. Shi ya sa ake yin gajerar da baki biyu, ka maƙala na sama kafin ka cire na ƙasa. Ko ba ka da kuɗin kayan Turawa wannan dabarar ba ta fi ƙarfinka ba, sabbin igiyoyi biyu masu kauri ne, waɗanda ba ka jan itace da su, ba ka ajiye su kusa da fetur ko ruwan batir.

Akwai gajerar igiya wadda ake sa wa wayar ƙarfe a ciki don kada zarto ya yanke ta da wuri. Tana taimakawa, amma injin yankan itace zai iya datse ta, sannan in bishiyar na kusa da wayar Nepa kada ma ka ɗauko ta, ƙarfe ne, wuta zai ja. Bishiyar da ta taɓa waya a bar wa masu wuta su kashe layi tukun.

Kuma ɗaurin ƙugu zalla ba ya wadatarwa, in ka rataya igiyar hawa take yi ta matse haƙarƙari numfashi ya gagara, a samu bel mai shiga cinyoyi. 'Yan uwanmu makiyaya masu sarar maɗaci da gawo da rani, da masu hawa kuka kan turaku, har da ku nake.

In kuma tsautsayi ya faru mutum ya faɗo, don Allah kar a cicciɓe shi a ɗora a kan mashin, kar a zaunar da shi ana ba shi ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da wuyansa kada su motsa, a ciro ƙyaure ko faffaɗan katako a kwantar da shi a miƙe, a nemi mota a wuce asibiti a yi hoton ƙashi kafin wani ya kawo zancen mai ɗori.