Arduino

Arduino ƙaramin allo ne na lantarki, wanda bai fi tafin hannu ba, mai ɗauke da ƙwaƙwalwar sarrafawa guda ɗaya da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta. Da shi ɗalibai da masu sha'awar haɗa na'urori a gida suke ƙera fitilar da ke kunna kanta idan duhu ya yi, da ma'aunin zafin ɗaki, da ƙananan mutum-mutumi masu tafiya a kan taya.

An fara aikin a shekarar 2005 a wata makarantar koyon zayyana da ke garin Ivrea, arewacin Italiya. Mutum biyar ake dangantawa da kafa shi: Massimo Banzi, David Cuartielles, Tom Igoe, Gianluca Martino da David Mellis. Sai dai tushensa ya girme su a wannan aiki, domin an gina shi ne a kan Wiring, wani allo da tsarin rubuta masa umarni, wanda Hernando Barragán, ɗalibi ɗan ƙasar Kolombiya, ya ƙirƙira a makarantar don aikin digirinsa na biyu. Ya kamata a riƙa ambaton sunansa, domin salon umarnin da ya sa Arduino ya yi sauƙi daga wajensa aka gado shi. Ɗaliban makarantar masu zane ne, ba injiniyoyi ba, kuma allunan da ake da su a lokacin sun yi musu tsada da wuyar sha'ani.

Wanda ya fi shahara a cikin allunan shi ne Uno, da ya fito a 2010. Ƙwaƙwalwarsa ATmega328P ce, tana gudu a kan megahaz 16, da ma'ajiyar umarni kilobayit 32 da wurin aiki kilobayit 2 kacal. Ko hoto ɗaya na wayar hannu ba zai shiga ciki ba. Yana da ramuka 14 na kunnawa da kashewa, waɗanda ake soka wayoyi a ciki, da wasu 6 da ke auna ƙarfin wuta tsakanin sifili da volt 5, su mayar da shi lamba daga 0 zuwa 1023. Ta wayar USB ake ba shi wuta, ta nan kuma ake tura masa umarni.

Kowane shiri kashi biyu ne. Na farko, mai suna setup, sau ɗaya yake gudana idan an kunna allon. Na biyu, loop, yana ta maimaita kansa har sai an cire wuta. Darasin farko kusan kullum ɗaya ne: a sa ƙaramar fitilar da ke haɗe da rami na 13 ta kama na daƙiƙa ɗaya, ta mutu na daƙiƙa ɗaya. Abin kamar wasa, amma a nan mai koyo yake fara ganin rubutunsa ya motsa wani abu a zahiri.

Ma'aunin ruwan tanki misali ne mai kyau na yadda ake tafiyar da aiki. Ana ɗaura na'urar HC-SR04 a ƙarƙashin murfin tanki, idanunta biyu suna kallon ruwa. Ido ɗaya yana harba sautin da kunnen mutum ba ya ji, mai kilohaz 40, ɗayan yana jiran amsa-kuwwar ta dawo. Arduino yana ƙirga lokacin da sautin ya ɗauka a ma'aunin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ya raba da 58, sai a samu tazarar da santimita. Idan ruwa ya matso kusa da baki, sai allon ya ba rile, wato makunnin da ake sarrafawa da ƙaramar wuta, umarni ya yanke wutar injin jan ruwa. Akwai abin lura a nan: gudun sauti yana ƙaruwa da zafin iska, don haka awon da aka daidaita da sanyin safiya zai ɗan kauce da tsakar rana a tankin da ke kan rufi. Mai kula yakan ƙara na'urar auna zafi ya gyara lissafin.

Yawancin allunan da ke lalacewa a hannun masu koyo, ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu ne ke kashe su. Rami ɗaya bai kamata ya ba da fiye da miliyamfa 20 ba. Fitilar LED tana buƙatar rizisto, ɗan abin da ke rage wutar da ke ratsawa, galibi mai om 220, shi kuwa moto sai an bi da shi ta rile ko tiranzisto, wanda shi ma makunni ne na lantarki. Wutar gida kuma ba abin gwaji ba ce ga sabon shiga. Wannan ɓangaren a bar wa wanda ya iya.

Abin da ya yaɗa Arduino a duniya shi ne an saki zanen allon da manhajarsa ga kowa, sunan kaɗai aka yi wa rajista. Masana'antu, musamman a Sin, suka shiga ƙera kwafi masu araha, waɗanda da yawansu sai an saka wa kwamfuta wata ƙaramar manhaja, direban CH340, kafin ta gane su. Daga baya wasu kamfanoni suka fito da nasu: ESP32 ya fito a 2016 da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, Raspberry Pi Pico kuma a 2021 a kan dala 4, kuma dukansu ana iya rubuta musu umarni da manhajar Arduino.