Waiwaye: Duniyar da ke riga lokacinta isowa

Da safiyar 6 ga Yuni 2012, a saman benenmu a Jidda, Kawu ya miƙo mini tabarau na kallon husufi ya ce, "Ɗana, duba, ga Zara can a fuskar rana." Wani baƙin ɗigo na gani, kamar ƙwayar gero a tsakiyar faifai. Ba za ta sake giftawa haka ba sai 2117.

Irin wannan giftawa masana falaki ke dako a taurari masu nisa, sai dai su ɗigon ba ya ganuwa. Hasken tauraron ne kawai ke ɗan dusashewa na 'yan sa'o'i. A 1999 aka fara kama hakan a tauraron HD 209458, inda wata ƙatuwar duniya da ta fi Mushtari faɗi ke gifta shi duk kwana uku da rabi.

Da farko girman duniyar ake aunawa. A 2005 ne masana suka nuna cewa agogo ma zai yi magana: duniyar da ke zagaye ita kaɗai ba ta saɓa lokaci, amma in tana da maƙwabciya mai janta, sai ta makara ko ta yi sammako. Na'urar hangen nesa ta Kepler ta tabbatar da haka a 2010 a tauraron Kepler-9, a 2011 kuma aka gano duniyar Kepler-19c ta yadda take jan maƙwabciyarta, ba tare da an ga giftawarta ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce duniyar WASP-12b, da aka gano a 2008. Shekararta sa'o'i 26 ce kacal. Masu bibiyarta suka lura tana riga lissafi isowa, domin kowace shekara tamu lokacin zagayenta na raguwa da kusan kashi 29 cikin dubu na daƙiƙa. Abin da ko ƙiftawar ido bai kai ba! Amma da ya taru shekara goma, sai ya zama mintuna. Dalilin kuwa ba maƙwabciya ba ce, ita ce ke tayar da tudu a jikin tauraronta, tudun yana rage mata ƙarfin tafiya, tana gangarawa ciki. An kiyasta cikin shekara miliyan uku zai haɗiye ta.

Aikin ba na manyan cibiyoyi kaɗai ba ne. Shirin ExoClock mai bibiyar lokutan giftawar irin waɗannan duniyoyi yana karɓar awon masu ƙananan na'urorin hangen nesa, kuma Saudiyya, ƙasar da ake fita garuruwan Sudair da Tumair duban jinjirin wata, ba ta rasa sararin sama garau ba. A daren hunturu, sashen da tauraron WASP-12 yake yakan zo kusan saman kanmu a nan Jidda.