Waiwaye: Chisobibra, ƙauyen Garo na bakin kogin Simsang, da yadda sunayen garuruwansu suka samo asali

Tun kafin a yi nisa bari in warware wani abu, Garo ɗin da nake nufi ba Garo tamu ta ƙaramar hukumar Kabo a jihar Kano ba ce, suna ne kawai ya zo ɗaya. Waɗannan wata ƙabila ce da ke zaune a duwatsun arewa maso gabashin Indiya, a jihar Meghalaya, wasunsu kuma sun gangara cikin Bangladash. Masu jin yarensu sun haura miliyan 1. Kuma tun daga sunan nasu ma maganar ta fara, don su ba sa kiran kansu Garo, maƙwabta ne suka laƙaba masu har ya bi su. Su A·chik Mande suke ce wa kansu, wato mutanen tudu, na Bangladash kuma su ce Mandi, mutane kenan kawai. Wannan ɗigon da kuka gani a tsakiyar kalma raka suke ce masa, ɗan tsaiko ne a maƙogwaro irin wanda muke yi in za mu ce a'a ko sa'a.

Ƙauyen da na ɗauka shi ne Chisobibra, yana gundumar Garo ta Gabas, 'yan kilomitoci kaɗan daga garin Williamnagar, a bakin kogin Simsang. Ƙaramin wuri ne na manoma, amma duk ɗan makaranta a Meghalaya ya san sunansa saboda abin da ya faru a nan a 1872, zan zo kansa.

Sunan dai in ka fasa shi biyu ya gaya maka inda ƙauyen yake. A yarensu chi ruwa ne, shi ya sa rafuka da yawa sunansu da chi yake farawa, bibra kuma shi ne bakin rafi, inda ƙaramin ruwa ke zubawa cikin babba. To Chisobibra kenan mahaɗar rafin Chiso. In ka bi Simsang ka gangara kudu za ka tarar da Nangalbibra, garin da aka sani da haƙar kwal, shi ma tsarin sunan ɗaya ne. Haka mutanen nan suke sa suna, abin da ido ya gani a wurin shi ake faɗa, babu ƙawa babu kwana-kwana. Rong dutse ne, don haka ga Rongrenggre, ga Rongram, ga Rongjeng, ga su nan birjik. Wari gurbi ne mai zurfi a cikin kogi inda kifi ke taruwa. Kogon nan na Siju da masu yawon buɗe ido ke zuwa, mutanen wurin Dobakkol suke kiransa, kogon jemagu, kuma wallahi jemagun ne cike da shi. Wanda ya san yaren, in aka lissafa masa sunayen ƙauyukan da ke kan hanya, kusan ya san irin tafiyar da ke gabansa, ina zai hau, ina zai tsallaka ruwa.

Daga ina suka zo? Abin da dattawansu ke faɗa a waƙoƙin baka shi ne daga Tibet kakanninsu suka taso, ƙarƙashin jagorancin Jappa Jalimpa, suka gangaro kwarin kogin Brahmaputra wanda su suke kira Songdu, suka zauna wajajen Dhubri da Jogighopa, sarakunan wurin suka matsa masu, suka tsallake kogin suka yi ta matsawa har suka hau waɗannan duwatsu. Wani jami'in Turawa, Manjo Playfair, ya rubuta wannan labari a 1909 kamar yadda ya ji shi daga bakinsu. Masana harshe kuma sun sa yaren Garo cikin dangin harsunan Tibet da Bama, ɗan'uwan yaren Bodo na Assam ne na kusa. Abin da ya fi burge ni a labarin hijirar nan shi ne rabinsa jerin sunayen wurare ne, mun kwana a kaza, mun yi noma a kaza, an kore mu daga kaza. Mutanen da ba su da rubutu a lokacin, sai suka mai da sunan wuri ya zama ma'ajiyar tarihi.

Yanzu ga inda maganar ta fi daɗi, wato yadda ake kafa ƙauye da kuma wa ke da ƙasar. Garo ta wajen uwa suke lissafin dangi. Yaro sunan zuriyar uwarsa yake ɗauka, manyan rassan su ne Sangma da Marak da Momin, sai Shira da Arengh, kowane kuma ya rabu gida-gida, abin da suke kira ma·chong, 'ya'yan uwa ɗaya kenan. Gado mace ke ci, iyaye su zaɓi ɗaya cikin 'ya'yansu mata, galibi 'yar auta, ita ce nokna, mijinta kuma shi ke tarewa a gidan surukai, kuma an fi so ya zama ɗan 'yar'uwar mahaifinta don kada zumuncin gidajen biyu ya yanke. Ƙasar ƙauye gaba ɗaya, daji da rafi da tudu, sunanta a·king, mallakar ma·chong ɗin da ya fara sarar wurin ce, kuma tana wuyan mace ɗaya ta wannan gida. Mijinta shi ne nokma, kamar mai gari, shi ke raba gonaki, shi ke jagorantar bukukuwa, shi ke sasanta rigima, amma fa ba shi da ikon ya sayar da ko taku ɗaya sai dangin matar sun yarda, musamman 'yan'uwanta maza. Baƙon da ba ɗan gidan ba in yana son noma a ciki sai ya biya ɗan wani abu.

To iyakar a·king da me ake gane ta a da, tunda ba takarda ba siminti? Da sunaye. Daga rafi kaza zuwa dutse kaza, a bi ƙoramar nan har mahaɗarta da kogi. Shi ya sa suna irin Chisobibra ba ado ba ne, shaida ce, in rigimar ƙasa ta tashi dattijon da ya haddace sunayen shi ne ke riƙe da hujja. Sai a shekarun 1920 Turawa suka zana taswirar waɗannan filaye suka rubuta sunayen nokma, kuma har yau Majalisar Gundumar Duwatsun Garo mai cin gashin kanta, wadda aka kafa a 1952 bisa tanadin tsarin mulkin Indiya, ita ke rajistar nokma tana sauraron ƙararrakin gadon sarautar, shari'un kuma ba sa ƙarewa.

Noman nasu ma ya shiga cikin sunaye. Noman sara da ƙone suke yi a gangaren tudu, a sare daji a bar shi ya bushe a cinna wuta, a shuka shinkafar tudu da gero da masara da auduga da barkono da citta duk a gona ɗaya, bayan shekara biyu a bar ta ta huta a koma wani gefe. In gonaki suka yi nisa da gida sai wasu su tashi su kafa sabon zama kusa da su, amma ba sa yar da sunan asali, sai a ƙara masa Songgital, a bar wa na farko Songgitcham. Song gari ne, gital sabo, gitcham tsoho, sabon gari da tsohon gari kenan sak. Inda aka sauko kwari aka koma noman shinkafar fadama kuma sai ka ji an ƙara Apal a ƙarshen sunan. Kai da ganin allon bakin hanya ka san wane ƙauye ne ya haifi wane.

Sai kuma baƙi suka shigo da alƙalami. Tun kafin Turawa, Garo na sauko da auduga kasuwannin gindin dutse, inda manyan masu ƙasa na Bengal irin na Karaibari da Mechpara da Susang ke karɓar haraji, kuma tsakaninsu ba daɗi, don Garo kan kai hari ƙauyukan kwari har su tafi da kawunan mutane, wannan gaskiya ce ba sai an ɓoye ba. Da Turawa suka zo, malaman ofis ɗinsu da tafintoci yawanci 'yan Bengal ne da Assam, to kunnensu bai kama gre ɗin da Garo ke sawa a ƙarshen sunan ƙauye ba, sai suka rubuta giri, kalmar da su suka sani da ma'anar dutse. Rongrenggre ya koma Rongrenggiri, Simsanggre ya koma Simsanggiri, haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya a taswira. Babban garinsu ma, Tura, mutanen wurin sun ce Dura ne, daga sunan Durama, wata abar bautarsu da suke danganta dutsen wurin da ita, harshen Bature ya mai da shi Tura, mu da muka ga yadda Sakkwato ta koma a takardun Turawa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wasu sunayen kuma gaba ɗaya na maƙwabta ne, Baghmara a yaren Bengal inda aka kashe damisa kenan, para da ke ƙarshen Resubelpara unguwa ce a yarukan kwari. Shi kansa kogin Simsang, da ya taso daga dutsen Nokrek mai tsayin mita 1,412 ya ratsa ƙasar Garo kaf da sunansa, yana tsallaka iyaka ya shiga Bangladash sai ya zama Someshwari.

Mu dawo 1872. Turawa sun ɗora wani hafsa mai suna Williamson a kan Duwatsun Garo a 1866, ya zauna a Tura, amma ƙauyukan tsakiya, na kwarin Simsang, sun ƙi biyan haraji sun ƙi miƙa wuya. A 1871 aka kashe wani lebura na ayarin masu safiyo, Turawa suka riƙe wannan a matsayin dalili, a ƙarshen 1872 suka shigo da runduna uku ta ɓangarori uku, kudu da arewa da kuma Tura, da nufin su haɗu a tsakiya wajen Rongrenggre. A kusa da Chisobibra ne wani jarumi, Togan Nengminja Sangma, ɗan yankin Samanda, ya tara samari suka afka wa sansanin sojan. Makamansu mashi ne da takobin nan mai kaifi biyu da suke kira mil·am, kuma labarin da ake bayarwa har gobe shi ne sun yi garkuwa da kututturen ayaba suna ganin sanyinsa da ruwan cikinsa zai kashe zafin harsashi. Bai kashe ba. Togan ya faɗi ranar 12 ga Disamba 1872, kafin damina ta zagayo sauran ƙauyukan sun sallama. Ni kam duk sanda na tuna garkuwar ayabar nan sai jikina ya yi sanyi, mutane ne da suka fito da iyakar abin da ke hannunsu don kare ƙasar iyayensu mata. Pa da ake sa wa a gaban sunansa baba ne, girmamawa ce, Nengminja kuma gidan uwarsa ne, Sangma babban reshen. Yanzu akwai wurin tunawa da shi a Chisobibra, kuma 12 ga Disamba ranar hutu ce a jihar.

Bayan cin yaƙi aka ƙarfafa muƙamin laskar, wakilin gwamnati a kan rukunin ƙauyuka, aka kuma killace wasu dazuzzuka aka ce na hukuma ne, har da dajin Rongrenggiri da ke nan kusa, da wannan rubutun na giri aka yi masa rajista. Ƙwace dajin da aikin tilas su ne suka tayar da Sonaram Sangma a farkon shekarun 1900, shi bai ɗauki takobi ba, takardun koke da kotu ya bi, yana neman a mayar wa Garo filayensu.

Addini ma ya taɓa fuskar ƙauyukan. Garo biyu na farko da suka karɓi Kiristanci, Omed da Ramke, an yi masu baftisma a Guwahati a 1863, aka kafa coci ta farko a Rajasimla a 1867, yau mafi yawansu Kirista ne, masu bin addinin gargajiya na Songsarek sun ragu sosai. Da haka nokpante, ɗakin da samarin ƙauye ke kwana suna koyon waƙoƙi da tarihi daga manya, ya yi ta ɓacewa, ga shi kuwa a nan ne ake haddace sunayen nan da labaransu. Gonakin tudu ma da yawa sun koma lambunan kashu da roba da ƙwallon da suke taunawa kamar goro. Bikin girbi na Wangala dai an riƙe shi, tun 1976 aka fara yin na ganguna 100 a Asanang kusa da Tura.

A wannan shekarar ta 1976 ɗin ne aka yanki gundumar Garo ta Gabas, shekara 4 bayan Meghalaya ta zama cikakkiyar jiha ranar 21 ga Janairu 1972, aka gina hedikwata a filin Simsanggre aka sa mata Williamnagar. Kada a rikice, ba don Williamson Bature ba ne, don Kyaftin Williamson Sangma ne, ɗan Garo, babban ministan jihar na farko, mutumin da ya yi gwagwarmayar neman jihar, ya cancanci a karrama shi ba shakka. Amma ni dai raina bai so yadda aka yi ba, don nagar ɗin ma kalmar kwari ce, kuma sunan da aka ture ɗin shi ne ke ɗauke da kogin. A 'yan shekarun nan ana ta gyara rubutun ƙauyuka a alluna da takardun makaranta, giri na komawa gre sannu a hankali, ko da yake a tsofaffin takardun daji da na ƙasa giri ɗin na nan daram. Chisobibra kuwa bai taɓa samun wannan matsala ba, babu gre a jikinsa balle a lanƙwasa, yadda mutanen Togan suka kira shi haka yake a allo yau, rafin kuma na nan yana zubawa cikin Simsang a gefen ƙauyen.