Waiwaye: Murjanin Da Ya Riga Namu Tafiya

Tun da aka sanar a 2024 cewa murjanin tekunan duniya, wato ƙananan halittun ruwa masu gina duwatsu a ƙarƙashin teku, ya shiga zagaye na huɗu na koɗewa saboda zafin ruwa, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa a kwantar da hankali, murjani ya ga jiya ya ga yau, zai farfaɗo. To, wane murjanin? Wanda ke gaɓar Ostireliya yau ba jikan na dā ba ne.

Na dā, irin su dangin Favositidae masu zubin saƙar zuma, sun bayyana sama da shekara miliyan 440 da suka wuce, suka ƙare kimanin shekara miliyan 252 baya, lokacin gagarumin aman wutar duwatsu a Saberiya ta ƙasar Rasha. Wannan ƙarshen kowa na ambatonsa.

Abin da ba a cika tsayawa kansa ba ya faru tun kimanin shekara miliyan 372, a zamanin Debon. Lokacin murjani da soson teku sun gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa, waɗanda burbushinsu ke tsaye har yau a yammacin Ostireliya. Sai ginin ya tsaya. A kwarin Kellwasser na Jamus, inda lamarin ya samo sunansa, akwai shimfiɗar baƙin dutse mai nuna cewa iskar numfashi ta ƙare a ruwan.

Me ya shanye ta? Masana ba su gama jayayya ba, amma bayani ɗaya ya fi zauna mini. A zamanin ne itatuwa masu dogayen saiwoyi suka fara mamaye tudu. Saiwa ta farfasa dutse, ruwan sama ya kwashi sinadaran zuwa teku, gansakuka ta samu abinci ta yi yawa, ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar. Wato ciwon daga tudu ya gangaro, a hankali, cikin dubban shekaru. Duk manomin da ya ga kududdufi ya yi kore bayan ruwa ya wanke takin zamani, ya ga ƙaramin samfurinsa.

Favositidae ba su mutu nan take ba. Sun lallaɓa wasu shekaru miliyan 120, sai dai ba su sake gina irin tsaunukan baya ba. Murjanin da muke kuka a kansa yanzu bai fito ba sai kimanin shekara miliyan 240 da suka wuce, daga wata zuriyar daban.