Norman Rockwell: Yadda Yake Tsara Zanen da Mai Kallo Zai Rantse Ba a Tsara Shi Ba

Wane ne Norman Rockwell?

Mai zane ne Ba'amurke, an haife shi a birnin New York a 1894, ya rasu a garin Stockbridge na jihar Massachusetts a 1978. Yana ɗan shekara 22, a watan Mayun 1916, mujallar Saturday Evening Post ta fara buga zanensa a bangonta: wani yaro cikin kayan ado yana tura keken jariri fuska a murtuke, sa'o'insa biyu da za su tafi wasan ƙwallo suna yi masa tsiya. Daga nan ya yi shekara 47 yana yi wa mujallar aiki, ya zana mata bango sama da 320. Abin da ya fi zanawa shi ne mutanen unguwa: mai aski, likitan ƙauye, yara, sojan da ya dawo gida.

Mene ne wahalar zanen bangon mujalla?

Bango ba ya samun dogon kallo. Mai wucewa ta gaban teburin jaridu zai ɗan waiga ne kawai, dole a wannan waigen ya gane labarin ba tare da an rubuta masa komai ba. Ga sunan mujalla ya cinye saman shafi, ga ranar miƙa aiki da ba ta ɗaguwa. Har zuwa 1926 ma, da launi biyu kacal ake buga bangon mujallar. Shi ya sa zanensa na farko-farko mutum biyu ko uku ne a kan farin fili. Ɗakuna da tituna cike da kaya sun yawaita ne daga baya, a shekarun 1940.

Ta yaya yake haɗa zane daga farko zuwa ƙarshe?

Yana farawa da ɗan ƙaramin zane na fensir, wanda bai wuce tafin hannu ba, ya kai wa editan. In ra'ayin bai fito a wannan ɗan zanen ba, girma ba zai gyara shi ba. Da an amince sai neman mutane. Bayan ya koma Arlington a jihar Vermont a 1939, maƙwabtansa yake ɗauka maimakon ƙwararrun masu tsayawa a zana su, don fuskar manomi da hannunsa ba sa aruwa. Sannan kaya: tsohuwar hula, takalmin da ya ci ƙasa, kujerar da ta sha zama.

Sai ranar ɗaukar hoto. Wani ne ke riƙe kyamara, shi kuwa yana ba da umarni, yana kwatanta yanayin fuskar da yake so da tasa fuskar. In yana son mutum ya fito kamar yana tafiya, sai a tura masa littattafai ƙarƙashin diddige ko yatsun ƙafa. Akan ɗauki hotuna da dama saboda zane guda: kai daga wannan, hannu daga wancan. Daga nan ya haska su da majigi a kan takarda, ya yi cikakken zanen gawayi daidai girman aikin ƙarshe. A nan ake warware komai, haske da inuwa da matsayin kowa. Bayansa sai ƙaramin gwajin launi, kafin a kwafe zanen a kan ƙyalle a shiga fentin mai.

To amfani da hoto da majigi ba ha'inci ba ne?

Shi kansa ya daɗe yana jin kunyar na'urar, ya sha kushe ta a matsayin kayan ragwaye, amma bai daina ba tun da ya fara a tsakiyar shekarun 1930. Dalilin a fili yake: yaro ko kare ba za su riƙe tsayuwa ɗaya na awa guda ba, murmushi kuma in ya daɗe sai ya zama yaƙe. Hatsarin shi ne kyamara tana ƙarya. Hannun da ya fi kusa da ita yakan kumbura, ƙafa ta gajarce. Wanda bai iya zane ba zai kwafe wannan ƙaryar yadda take. Rockwell ya koyi ƙirar jikin mutum a wajen malaminsa na zane George Bridgman, don haka yakan gyara, ya tsawaita wuya, ya ɗaga gira, ya ƙara wa kunne girma in labarin na buƙata.

Waɗanne zane ne suka fi ɗaga sunansa?

Guda huɗun nan na 1943, da ya gina a kan jawabin Shugaba Roosevelt na Janairun 1941: 'yancin faɗin albarkacin baki, 'yancin addini, kuɓuta daga talauci, da kuɓuta daga tsoro. Wata bakwai ya yi a kansu. Na farkon ya samo shi ne daga taron gari, inda mutum ɗaya cikin kayan aiki ya miƙe ya saɓa wa kowa, aka kuma saurare shi. Gwamnati ta zagaya da su birane, aka sayar da takardun lamunin yaƙi, wato bashin da jama'a ke ba gwamnati don yaƙi, na sama da dala miliyan 130.

Amurkar da ya zana haka take da gaske?

Rabin gaskiya ce. Ƙa'idar mujallar Post a lokacin ita ce kada baƙar fata ya fito sai a matsayin mai hidima, kuma Rockwell ya bi ta shekaru da yawa. Masu sukarsa da cewa ya shafa wa ƙasar zuma ba su yi ƙarya ba.

Ya bar mujallar a 1963 ya koma mujallar Look, kuma a Janairun 1964 ya fitar da zanen Ruby Bridges, yarinya 'yar shekara 6 da jami'an tsaron tarayya suka raka makarantar fararen fata a New Orleans a 1960. Dabarun nan dai na da ya yi amfani da su. Ya yanke kawunan jami'an huɗu daga zanen don ido ya sauka kan yarinyar. Ya sa mata farar riga fes, littattafai da rula a hannu. A bangon bayanta akwai rubutun zagi da tabon tumatirin da aka jefa. Masu jifar ba su fito ba, domin a daidai inda suke tsaye ya ajiye mai kallo. A 2011 an rataye zanen na ɗan lokaci a fadar White House, zamanin Shugaba Obama.