Gano matsalar hitar ruwa mai tanki idan ta ƙi yin zafi

Hitar ruwa mai tanki tukunyar ƙarfe ce da ake kafawa a bangon banɗaki, tana dafa ruwa da wutar lantarki ta kuma riƙe zafinsa na sa'o'i. A gidajen Zariya, daga Samaru zuwa Sabon Gari da Tudun Wada, an fi ganin masu cin lita 15, 30 da 50. Ba a cika tunawa da ita ba sai hunturu ya kama a Disamba da Janairu, sannan a tarar ta ƙi aiki. Nan take a ce "elemen ya ƙone", alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa masu gyara na ƙwarai ke fara bincike daga bango, su ƙare a cikin tanki.

Sassan da ke da hannu a zafin ba su da yawa: elemen, wato ƙarfen da ke nutse cikin ruwa yana dafa shi, mai ƙarfin wat 1200 zuwa 2000, tamostat da ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita, sai ɗan maɓallin kariya da ke faɗuwa idan zafi ya wuce iyaka.

Wutar da ke shigowa

Wutar Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma ba kullum take zuwa a cike ba, musamman da yamma. Elemen mai wat 1500 yana ɗaukar kimanin awa ɗaya da rabi kafin ya kai lita 50 daga digiri 20 zuwa 60. Idan wuta ta sauko zuwa bolt 170, ƙarfinsa yana komawa kusan wat 820, aikin ya ci wajen awa uku. A unguwar da ake ɗauke wuta bayan awa biyu, ruwan ba zai kai digiri 60 ba, kuma hitar ba ta da laifi.

Saboda haka a fara auna wutar da maltimita, wato ƙaramar mitar hannu ta gwajin lantarki, a kan wayoyin da suka shiga hitar, tana kunne. Testa mai kama da sukuddireba ba ta wadatarwa: tana iya haske ko da wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke. Idan babu wuta, a duba bireka, sannan a buɗe makunnin bango mai amfiya 20. Sukurun da ya saki yana haifar da zafi, ya narkar da roba, ya bar baƙin tabo da ƙauri. Wannan matsala ce mai yawan faruwa, gyaranta kuma mai arha. Wayar hita kada kaurinta ya gaza murabba'in milimita 2.5.

Tamostat da maɓallin kariya

Daga nan komai sai an kashe bireka, an kuma tabbatar da maltimita cewa wuta ta fita. A cire murfin ƙasan hitar, a danna maɓallin kariya da tsinke. Idan aka ji ƙas, ya faɗi ne. Amma mayar da shi ba gyara ba ne. Ana so a san abin da ya kayar da shi, ko tamostat ya maƙale bai yanke wuta ba, ko an kunna hitar babu ruwa. Tamostat mai lafiya, idan ruwa na da sanyi, yana nuna kusan sifili a om, wato ma'aunin yadda abu ke tare wuta, tsakanin mashiga da mafitarsa. Wanda bai nuna komai ba sai canji. Haɗe wayoyi a tsallake shi ganganci ne mai iya fasa tanki.

Elemen

A zare wayoyinsa, a sa mita a kan om. Mai wat 1500 ya kamata ya ba da kusan om 35, mai 2000 kusan 26, mai 1200 kusan 44. Idan mita ba ta motsa ba, zaren cikinsa ya tsinke. Sai gwaji na biyu da mutane ke mantawa: tsakanin kowace ƙafar elemen da jikin tanki. Nan bai kamata a sami wata hanyar da wuta za ta bi ba. Idan akwai, bututunsa ya tsage, wuta tana shiga ruwa. Alamarsa bireka mai faɗuwa da zarar an kunna, ko famfo mai jan hannu. Irin wannan hita a daina amfani da ita a ranar, balle a gidan da ba a haɗa wayar kariya da ke kai wuta ƙasa ba.

Abu biyu ne suka fi kashe elemen. Na farko kunnawa a bushe: tankin sama ya ƙare, bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya ya lalace, hitar ta tsiyaye, elemen ya ƙone cikin ɗan lokaci. Na biyu ɓawon da ruwa ke bari, da laka da ruwan rijiyar burtsatse ke kawowa. Suna lulluɓe shi, zafinsa ya kasa fita, a riƙa jin ƙara kamar ana soya gyaɗa. In za a canza, a rufe ruwa, a zubar da na ciki, a wanke tankin, a sa sabuwar robar baki, a duba sandar magniziyam da ke kare tanki daga tsatsa. Idan ta cinye a sauya ta.

Akwai kuma lokacin da wuta, tamostat da elemen duk lafiya, ruwa na fitowa da ɗumi kawai. A duba famfon da ke gauraya ruwan zafi da na sanyi, ko bututun zafi mai yoyo a cikin bango, ko kuma mai gyaran famfo ya juya mashiga da mafita. Bayan kowane gyara, a buɗe famfon zafi har ruwa ya zubo babu tari babu iska, sannan a ɗaga bireka.