Ujiji da wuraren tarihi na gaɓar Tafkin Tanganyika

Ujiji tsohon garin fatauci ne a gaɓar gabas ta Tafkin Tanganyika, a yankin Kigoma da ke yammacin Tanzaniya. Tsakaninsa da garin Kigoma bai kai kilomita 10 ba, kuma yanzu hukumar gari ɗaya ke riƙe da su. A waje an fi saninsa da ganawar da ɗan jarida Henry Morton Stanley ya yi da ɗan mishan David Livingstone a 1871, wadda saboda ita aka kafa dutsen tunawa da ƙaramin gidan tarihi. Sai dai garin ya girmi wannan ganawa, kuma mafi yawan tarihinsa ba a cikin ginin yake ba. Yana kan tituna, a inuwar mangwaro, da bakin dattawan unguwa.

Tafkin da gaɓarsa

Tsawon Tanganyika ya kai kimanin kilomita 670, zurfinsa kuwa kusan mita 1,470. Tafkin Baikal na Rasha ne kaɗai ya fi shi zurfi a duniya. Ƙasashe huɗu ke iyaka da shi: Tanzaniya, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Burundi da Zambiya. Kogi ɗaya ne ke fitar da ruwansa, wato Lukuga, wanda ke gangarawa yamma ya zuba a Lualaba.

Wannan kogi yana da hannu a abin da baƙo ke gani a Ujiji yau. A tsakiyar ƙarni na 19 yashi da ciyayi sun toshe bakinsa, ruwan tafki ya yi ta hawa. A 1878 toshiyar ta ɓalle, cikin 'yan shekaru ruwan ya sauka da kusan mita 10. Shi ya sa wurin da aka yi ganawar 1871, wanda a lokacin yake daf da ruwa, yanzu sai an taka ɗaruruwan mitoci daga nan kafin a isa inda masunta ke ɗaure jiragensu.

Zangon fatake

Tun kafin zuwan baƙi daga bakin teku, Wajiji, waɗanda reshe ne na ƙabilar Waha, suna da kasuwa a nan. Ana kawo gishiri daga Uvinza, manja daga gonakin kwakwa na kewaye, da busasshen kifi daga tafki. Daga wajen shekarun 1830 zuwa 1840 ayarin Larabawan Oman da Swahilawa suka fara isowa daga Zanzibar, ta Bagamoyo da Tabora, tafiyar kimanin kilomita 1,200 a ƙafa. Ujiji ta zama ƙarshen hanyar tudu kuma mashigar ruwa: daga nan ake haye tafki zuwa ƙasar Manyema a gabashin Kwango, inda hauren giwa ya fi araha.

Ayari kan shigo da yadi, duwatsun ado, wayar tagulla, bindigogi da albarushi. Idan zai koma sai ya ɗauki haure da bayi. Mafi yawan 'yan dakon Nyamwezi ne masu karɓar lada, kuma tafiya ɗaya takan ci watanni. Cikin manyan attajiran da suka yi ƙarfi a garin akwai Mwinyi Kheri, sannan Muhammad bin Khalfan, wanda aka fi sani da Rumaliza, abokin cinikin Tippu Tip, shahararren bafataken hauren giwa da bayi daga Zanzibar. Ƙarfin Rumaliza ya karye a 1894 a yaƙi da sojojin Kwango ta Sarki Leopold na Beljiyam, bayan shekara biyu kuma Jamusawa suka kafa sansanin soja a Ujiji.

Ba duk waɗanda aka kamo ne suka isa bakin teku ba. Da yawa a Ujiji aka bar su suna noma, suna tuƙa jirage, suna aikin gida, wasu kuma da ƙafarsu suka zo a matsayin 'yan dako ko dakaru. Zuriyarsu ce babban ɓangare na Wamanyema da ke garin yau, Musulmi masu magana da Swahili. An rufe kasuwar bayi ta Zanzibar a 1873, amma bauta ba ta haramta a dokar Tanganyika ba sai 1922, zamanin Ingilishi. Ke nan maganar ba ta yi nisan da ake zato ba, kuma har yanzu akwai gidajen da ba a son a tona asali a gaban baƙo.

Ganawar 1871

Turawan farko da suka ga tafkin su ne Richard Burton da John Hanning Speke, waɗanda suka iso Ujiji a Fabrairun 1858 suna neman mafarin Kogin Nilu. Livingstone, likita kuma ɗan mishan daga Sukotland, ya zo a 1869, ya wuce Manyema, inda a ranar 15 ga Yulin 1871 ya ga kisan gillar da mutanen wasu fatake suka yi wa jama'a a kasuwar Nyangwe. Ya dawo Ujiji a Oktoba, rashin lafiya ta cinye shi, ya tarar wanda aka ba ajiyar kayansa ya sayar da su.

Stanley kuwa jaridar New York Herald ce ta turo shi nemansa. Yaƙin Mirambo, wani sarkin Nyamwezi, ya toshe masa hanya a yammacin Tabora, dole ya zagaya ta kudu. Ranar da aka rubuta a dutsen tunawa ita ce 10 ga Nuwamba 1871, ko da yake masana sun nuna cewa dukansu biyu lissafin kwanaki ya kuɓuce musu, wasu suna ganin a ƙarshen Oktoba aka yi ta. Haka ma akwai shakku kan shahararriyar gaisuwar da ake cewa Stanley ya yi, wato "Dakta Livingstone ne, ina tsammani?": shafukan wannan rana a yage suke daga littafin ajiyarsa, Livingstone kuma bai ambace ta a wasiƙunsa ba.

Bayan sun huta, sun shiga kwalekwale zuwa ƙarshen tafki ta arewa, suka tabbatar cewa Kogin Ruzizi shigowa yake yi, ba fita ba, don haka ba ta nan Nilu ya faro ba. A Mugere, kudu da Bujumbura ta Burundi, akwai wani babban dutse da aka sassaƙa sunayensu da kwanan wata 25 ga Nuwamba 1871. A nan suka yada zango a wannan tafiya, amma wasu kan ɗauka wurin ganawar farko ne. Sun rabu a Tabora a Maris 1872.

Gidan tarihin Livingstone

Harabar tana ƙarshen wani titi da ke gangarawa wajen tafki. A tsakiya akwai dutsen tunawa mai ɗauke da zanen taswirar Afirka da gicciye, da allon da ke cewa a ƙarƙashin mangwaron da ke nan a da aka gana. Ainihin bishiyar ta mutu tuntuni. Masu kula da wurin suna nuna manyan mangwarori da aka ce daga jikinta aka dasa su. A gefe akwai ƙaramin allo na Burton da Speke.

Cikin ginin akwai mutum-mutumin mutanen biyu, tsayin mutum, suna gaisawa, da zane-zanen fenti na masu zanen gida da ke ba da labarin Livingstone da na cinikin bayi. Akwai kuma kayan aikin gargajiya na mutanen yankin. Kayan ba su da yawa, sa'a ɗaya ta ishi mai ziyara. Abin da ke raya wurin shi ne mai yi wa baƙi bayani, wanda kan zaunar da su a inuwa ya zubo labarin daga ka.

Inda gidan ya gaza shi ne wajen rabon fili. An ba yini ɗaya na baƙi biyu matsayin da ba a ba shekaru hamsin na rayuwar gari ba. Mutanen da babu su da tafiyar ba ta yiwu ba, da wuya a ji sunansu: Sidi Mubarak Bombay, wanda ya yi wa Burton da Speke jagora, ya sake zuwa tare da Stanley, Abdullah Susi da James Chuma, waɗanda bayan rasuwar Livingstone a ƙauyen Chitambo a Mayun 1873 suka busar da gawarsa, suka jagoranci ɗaukarta har Bagamoyo, tafiyar kusan wata tara. Susi ne ma, a ruwayar Stanley, ya fara tarbar shi Stanley da Turanci a bakin gari.

Hanyar mangwaro

Daga cikin gari akwai tsohuwar hanya mai layin manyan mangwarori dama da hagu, wadda ta nufi gabas wajen Tabora. Ita ce farkon hanyar ayari. Ruwayar mutanen gari ta kasu biyu: wasu sun ce daga ƙwallayen da bayi da 'yan dako suka yar ne bishiyoyin suka tsiro, wasu sun ce da gangan aka dasa su don inuwa da alamar hanya. Babu shinge, babu mai karɓar kuɗin shiga. Yara na wucewa makaranta, masu keke na ɗauke da jarkokin manja, a kan turbar da aka kora mutane ɗaure da sasari. A 2006 Tanzaniya ta sa hanyar Ujiji zuwa Bagamoyo cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.

A bakin ruwa har yau ana sassaƙa jiragen katako da hannu, ana cusa auduga a tsakanin alluna don toshe kafa. Da dare masunta na fita da fitilu su janyo dagaa, ƙananan kifin da ake shanyawa a rana, da safe kuma a sayar da migebuka, wani kifin tafkin da ya fi dagaa girma.

Kigoma da jirgin Liemba

Abin da ya rage wa Ujiji daraja shi ne titin dogo. Jamusawa sun zaɓi Kigoma saboda mashigarta mai zurfi, layin da ya taso daga Darussalam, kimanin kilomita 1,250, ya iso can a Fabrairun 1914. Ginin tashar jirgin ƙasa da gidan da ake kira Kaiser House suna nan daga wancan zamani.

Jirgin ruwan Liemba shi ma abin tarihi ne. Kamfanin Meyer ya ƙera shi a Papenburg ta Jamus a 1913 da sunan Graf von Goetzen, aka kwance shi cikin akwatuna kimanin 5,000, aka harhaɗa shi a Kigoma, ya shiga ruwa a 1915. Da sojojin Beljiyam suka matso a Yulin 1916, Jamusawa suka nutsar da shi da hannunsu. Ingilishi suka tsamo shi a 1924, ya koma aiki a 1927, yana jigila tsakanin Kigoma da Mpulungu. A 2015 ya kwashe 'yan gudun hijirar Burundi daga Kagunga. A shekarun baya-bayan nan an tsayar da shi domin babban gyara.

Kudancin tafki

A Karema akwai tsohon sansanin da 'yan Beljiyam suka kafa a 1879, wanda ya koma hannun mishan ɗin Katolika a 1885. Kasanga ita ce Bismarckburg ta Jamusawa. A Mpulungu ta Zambiya bangon cocin Niamkolo na dutse yana tsaye ba rufi. An gina shi tsakanin 1893 da 1896, aka ƙaurace masa a 1908 saboda ciwon barci. A Mbala, bisa tudu, akwai gidan tarihin Moto Moto, wanda ya samo asali daga kayan da Fada Jean-Jacques Corbeil ya tara na al'adun Bemba da maƙwabtansu. Kusa da nan, a magangarar Kalambo, masu haƙa sun ba da rahoto a 2023 cewa sun gano itatuwan da aka sassaƙa aka haɗa kimanin shekara 476,000 da suka wuce.

Kai ziyara

Ana isa Kigoma ta jirgin sama, jirgin ƙasa ko mota. Daga can daladala, wato ƙananan motocin haya, ko bajaji mai ƙafa uku za su kai mutum Ujiji cikin mintuna kaɗan. Hanyoyi sun fi kyau da rani, daga Yuni zuwa Oktoba. Wuraren tarihin Tanzaniya suna ƙarƙashin dokar kayan tarihi ta 1964, kuma ana biyan kuɗin shiga harabar. Garin na Musulmi ne, don haka ana son suturar mutunci, a kuma nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, masallaci ko maƙabarta. Tun daga wajen 2020 ruwan tafki ya sake hawa, ya ci gidaje da hanyoyi a garuruwan gaɓa da dama, saboda haka mai niyyar zuwa Karema ko Kasanga ya fara tambayar halin da hanya ke ciki tun yana Kigoma.